Hotunan bikin da ka goge a memwar

Ɗana, sai yanzu bayan isha'i na ga saƙonka. Ka ce ka ɗauki bikin nan na Birni tun daga kamu har kai amarya, ka zaci ka riga ka kwashe a kwamfuta sai ka yi formate ɗin memwar, wato ka share katin da kamara ke ajiye hotuna, saboda taron sunan da ka je da safe, ka ɗauki kamar hoto ashirin sannan ka tuna ba ka kwashe ba, kana tambaya ko akwai dabara ko sai dai ka je ka ba mutane haƙuri.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan tashi ka kashe kamarar ka zare memwar. A gefenta na hagu akwai ɗan makulli ƙarami, ja shi ƙasa wajen da aka rubuta Lock, ka sa ta a ambulan ka ajiye. Kar ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kanta, kar kuma ka ba wani aboki ya soka a wayarsa wai ya gwada maka.

In sha Allahu mafi yawan hotunan suna nan. Memwar tana da wani ɗan waje da take rubuta sunan kowane hoto da inda yake zaune, to idan ka goge ko ka yi formate na yau da kullum wannan lissafin kawai ake sharewa, su hotunan ba a taɓa su ba. Kamar a tasha ne kamasho ya yaga takardar sunaye amma fasinja suna zaune cikin mota, sai dai duk sabon wanda ya zo za a tada wani a ba shi kujerar. Hotunan taron sunan da ka ɗauka su ne sabbin fasinjan, kuma bayan formate yawanci kamara daga farkon kati take fara rubutu, ka ga ke nan abin da ka fara ɗauka a bikin, wato kamu, shi ya fi shiga haɗari. Hoto ashirin in kowane ya kai mega 8 bai wuce mega 160 ba, a kati mai jiga 32 wannan ɗan kaɗan ne, amma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan har abada, duk wanda ya ce maka zai dawo da shi kuɗinka yake so.

Abu ɗaya nake so ka tuna ka faɗa min gaskiya, lokacin da ka yi formate ka sa alama a wancan ɗan akwatin na formate mai zurfi da ke kamarorin Canon ko ba ka sa ba. In ka sa, to wannan shara ce ta gaske, katin gaba ɗaya ake wankewa kuma da wuya a samu komai. In ba ka sa ba muna da fata sosai.

Gobe ka zo shago da ita mu yi tare ka gani da idonka. Za mu sa ta a lektar, wato ƴar na'urar karanta kati da ake haɗawa da kwamfuta, ba ta igiyar kamara ba, mu buɗe PhotoRec. Manhaja ce ta kyauta, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya yi ta, tare take zuwa da wata manhajar mai suna TestDisk. Fuskarta ba kyau, baƙin allo ne da rubutu kawai shi ya sa yara ke gudunta, amma aikinta ya fi na da yawa daga waɗanda ake saida wa mutane. Ita ba ruwanta da lissafin da aka share, bin katin take yi daga farko har ƙarshe tana neman alamar da kowane hoton JPEG ke farawa da ita, haka ma RAW, wato ɗanyen hoton kamara, irin CR2 na Canon da NEF na Nikon. Wata manhajar mai suna Recuva ma tana aiki kuma ta fi sauƙin dannawa, ni dai in formate aka yi PhotoRec nake fara sawa. Idan ta tambayi inda za ta zuba abin da ta samo ka nuna mata kwamfuta ko wani disk daban, kar ka kuskura ka nuna mata katin da ake cetowa, da hannunka za ka binne sauran. Kuma mu tabbata batirin kwamfuta a cike yake saboda aikin kan ɗauki lokaci, kar wuta ta ɗauke a tsakiya.

Za ka ga sun fito cikin dosiye, wato jakar fayil, mai suna recup_dir da wasu sunaye na lambobi barkatai, har da tsofaffin hotunan hawan sallah da ka manta da su, kar ka ruɗe, kwanan wata da awa suna cikin kowane hoto, da su za mu jera. Wasu za su buɗe rabi hoto rabi toka-toka, waɗannan su ne aka taka. Bidiyo kuwa kar ka sa rai da yawa, shi babba ne kuma sau da yawa a warwatse yake a kati, haɗa shi wahala ne.

Tunda maganar ta zo bari in ƙara maka, ba kowane ɓatan hoto ba ne gogewa. Wani lokaci ka sa kati Windows ta ce sai an yi formate kafin a buɗe, ka danna a'a, lissafin ne ya lalace, galibi saboda an zare kati jar fitilar kamara na ƙiftawa ko batiri ya mutu ana cikin rubutu. Wani lokaci kuma birus ɗin kwamfutocin siber ne, wato shagon intanet, ya ɓoye dosiyen DCIM inda kamara ke zuba hotuna ya bar maka gajeriyar hanya ta ƙarya, alhali in ka duba za ka ga katin a cike yake, wannan bayyana ɓoyayyun fayil kawai ake yi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne katin jabu, an rubuta jiga 64 a jiki cikinsa bai kai 8 ba, yana cika sai ya riƙa cinye hotuna kamara kuma tana nuna maka komai lafiya, sai ka zo wankewa ka ga ba sa buɗewa. Irin wannan babu manhajar da za ta cece ka don hoton bai taɓa zama ba ko kuma an taka shi. Duk sabon kati ka gwada shi da H2testw, manhajar da ke nuna ainihin girman kati, kafin ka kai shi bikin mutane, kuma in araharsa ta yi yawa a kasuwa ka bar musu kayansu.

Daga yau ƙa'idar shagon nan, ba a formate sai hoto ya zauna waje biyu, kwamfuta da disk na waje, kuma ka buɗe wasu ka gani da ido suna buɗewa. Biki kuma kati biyu ko uku ƙanana, na kamu daban na ɗaurin aure daban, in ɗaya ya ci amana ba duka aka rasa ba. Formate a cikin kamara ake yi ba a kwamfuta ba, kuma lokacin hunturu ka riƙa sa su a ƴar robarsu saboda ƙurar garin nan.

Su dangin amarya in sun kira ka daren nan kar ka yi musu ƙaryar wai ana wankewa. Ka ce an samu matsala a kati, maigida na kai, zuwa jibi za su ji abin da ake ciki. In na kamu ba su dawo ba ni da kai za mu je gidan mu yi bayani, mu rage musu kuɗi, mu roƙi ƙawayen amarya su turo abin da suka ɗauka a waya, amma su turo a matsayin fayil don in aka turo haka kawai ta WhatsApp matse hoton take yi ba zai wanku da kyau ba. Ƙarfe takwas ina shago, ka taho da kamarar ma in duba saitinta.