Tambayi Likita: Ƙanƙara da allurar kashe zafi a yatsa

Tambaya: Likita, ni kafinta ne. Zarto ya yanke ni a yatsa, da aka zo ɗinki sai malamar asibiti ta ɗora mini ƙanƙara a gindin yatsan kafin ta yi allura. Shin magani ne, ko dai kwantar mini da hankali kawai take yi?

Amsa: Sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ta yi daidai ne, kuma ina jin daɗi idan na ga ma'aikacin lafiya ya damu da zafin allurar kanta. Kowane yatsa yana da jijiyoyi huɗu masu kai saƙon taɓi da zafi, biyu ta wajen tafin hannu, biyu ta baya. Shi ya sa ake soka allurar a gindin yatsa, ta gefe da gefe, maganin ya kwanta kusa da jijiyoyin nan. Lidokain aka fi amfani da shi, cikin minti 5 zuwa 10 yatsan zai mutu, ya ɗauki awa ɗaya ko biyu a haka. Matsalar ita ce yatsa wuri ne mai saurin jin zafi, har wasu kan ce allurar ta fi raunin ciwo.

Sanyi yana rage saurin tafiyar saƙo a jijiya. Sannan a 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, sun bayyana cewa wani ji na daban, kamar shafa ko sanyi, yana iya tare wa saƙon zafi hanya a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa. To amma zafin allura iri biyu ne: akwai sukar, akwai raɗaɗin shigar ruwan. Ƙanƙara ta fi aiki a kan sukar. Raɗaɗin ciki kuwa tsamin maganin ne ke kawo shi, ana rage shi ta hanyar haɗa shi da ɗan sinadarin bayikabonet, a ɗumama shi ya kai ɗumin jiki, a tura shi a hankali da siririyar allura. Fata ake sanyayawa, ba maganin ba.

Tambaya: Likita, ɗiyata mai shekara 9 tana da sikila. Karkare ya fito mata, an ce za a tsaga. Tsoron allura gare ta sosai, in roƙi a sa mata ƙanƙarar?

Amsa: A'a Hajiya, don Allah kada a sa. Sanyi yana matse hanyoyin jini, kuma yana cikin abubuwan da ke tayar wa mai sikila da ciwo. Ki faɗa musu tana da sikila tun kafin su taɓa ta. Akwai man kashe fata irin su EMLA, ana shafawa a rufe wurin na kusan awa ɗaya kafin allura. Ki zauna kusa da ita, ki ɗauke mata hankali da hira, kada ta kalli allurar. Haka mai ciwon suga da jin yatsunsa ya ragu, da wanda yatsunsa ke yin fari ko shuɗi idan ya ji sanyi, su ma ban da su. Kuma kada tsoro ya sa a jinkirta tsagar, domin mugunya idan ta daɗe tana iya cin ƙashi.

Tambaya: Tunda ƙanƙara na kashe zafi, me zai hana a yi ɗinkin da ita kawai?

Amsa: Ba za ta iya ba. Aikinta a saman fata yake, kuma da wurin ya ɗumama shi ke nan. Minti ɗaya zuwa biyu ake ɗora ta, a naɗe cikin tsumma mai tsabta ko safar hannu, ba a kan raunin ba. Idan ta daɗe tsirara a kan fata ƙuna take yi. Wanda kuma yatsansa ya guntule, a naɗe guntun a bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. A danne raunin, a ɗaga hannun sama, a wuce asibiti nan take.