Dalilin kwana 49 a wasannin Koriya na fatalwa

'Yar'uwa, kin tambayi abin da ya sa wasannin kwaikwayon Koriya na fatalwa suke yawan ba mamaci wa'adin kwana 49 kafin ya wuce lahira. Asalin abin daga addinin Buda yake, inda suka yi imani cewa ruhi yana yin mako bakwai tsakanin mutuwa da sake haihuwa, ana yi masa shari'a duk bayan kwana bakwai. Har yau iyalai da dama a Koriya ta Kudu suna taruwa a wurin bauta rana ta 49, su jera shinkafa da 'ya'yan itatuwa, wasu har su ƙona tufafin mamacin. Ni kam wannan wa'adin ne ya fi taɓa zuciyata, musamman idan uwa ce ta rasu, tana tsaye kusa da ɗanta, shi kuwa bai san tana nan ba.