Amsa ga ɗan'uwan da karensa ya ciji yaron maƙwabta

Assalamu alaikum. Malam, sannu da wannan tashin hankali, Allah Ya ba yaron lafiya. Na karanta bayaninka sau biyu: kare ɗan wata takwas, ruwa biyu ne da Alsatian, yana wuni a ɗaure da sarƙa sai dare a sake shi, jiya aka buɗe get za a shigo da mota ya sulale ya kama yaro a sha-raɓa, yanzu maƙwabta sun ce ko ka fitar da shi ko su san yadda za su yi da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe kare a cikin garin nan na Kano ya san wannan faɗuwar gaban, ni ma na san ta, shi ya sa ban iya wucewa ba.

Amma ka yi ta tambaya a kan karen, ba ka gaya mana me aka yi wa yaron ba, kuma nan ne gaggawar take. In ba a wanke ciwon ba, a wanke shi yanzu da sabulu da ruwa mai gudana, minti 15 cur, a duba agogo, sannan a sa aidin. Ban da toka, ban da man birki, ban da ɗaure shi tamau. Daga nan sai babban asibiti, ko Murtala, ko Asibitin Zana, ko na Malam Aminu Kano, a ce musu cizon kare ne. Allurar haukan kare ba guda ɗaya ba ce. Tsarin da aka fi sani shi ne ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, kuma a dantse ake yin ta, ƙaramin yaro a cinya. Ba a yin ta a ɗuwawu, domin kitsen wurin yana rage mata ƙarfi. In haƙori ya huda fata har jini ya fito, ka tambayi likita maganar immunoglobulin, wadda ake yi a cikin ciwon da kewayensa, da kuma allurar tetanus. Kai za ka biya komai, kai za ka riƙa ɗaukar yaron da uban a motarka duk ranar allura. Mutane suna yin biyu su ga ciwo ya bushe su watsar, alhali cutar takan kwanta wata biyu zuwa uku kafin ta nuna, wani lokacin har shekara, in kuwa ta nuna sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 take kashewa duk shekara, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Kada ka bari a kashe karen, kada kuma ka ba wani ya kai shi ƙauye cikin dare don a huta da magana. A killace shi kwana 10 ana kallonsa. In ya cika kwanakin yana ci yana sha lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, wannan kuwa shi ne abin da zai kwantar da hankalin iyayen yaron. In aka kashe shi aka jefar a bola, an binne shaidar ke nan. Amma ba a jira kwana goman kafin a fara wa yaro allura. In ka ga ya canza, yawu na dalala, muryar haushinsa ta dishe, muƙamuƙi ya saki, ko yana cizon ƙarfe da itace, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. A kira likitan dabbobi.

Ina katin rigakafinsa? Wannan tambayar ce take ƙona min rai, don na san amsar da yawancinmu za su bayar: "Ai dokta ya zo gida ya yi masa." Wane dokta? Waɗannan masu yawo a babur da jaka a kafaɗa, su zaro kwalba daga aljihun riga a tsakiyar zafin Afrilu, su tsira wa kwikwiyo, su karɓi kuɗi, su rubuta kwanan wata a bayan takardar siminti. Allurar rigakafi tana zama ne a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta wuni a aljihu daga Sabon Gari zuwa Rijiyar Zaki ruwa ce kawai. Su ne suke jawo mutum ya saki jiki yana ganin karensa a tsare yake, sai kwikwiyo ya kama amai da zawon jini mai ƙarni, kwana uku ya zama fata da ƙashi, idanu sun faɗa, yana kallonka ba ya iya ɗaga kai, ka kira lambar dokta ka ji ta a kashe. Wannan cutar parvo ce, kuma allurar gaske tana hana ta. Allah Ya isa tsakaninmu da masu wannan sana'a, don abin bai tsaya a asarar kwikwiyo ba, ran yaran unguwa suke wasa da shi. Ka kai karenka asibitin dabbobi na Gwale ko wurin likita mai rajista, ka ga an ciro kwalbar daga firij ko kula mai ƙanƙara da idonka, a ɓare takardar jikin kwalbar a manna a katin, a sa hannu da hatimi. Ta haukan kare ana yi a wata 3, sannan duk shekara, har a Vom ta Jihar Filato ana haɗa ta. Ta haɗakar cututtuka, DHLPP, wadda parvo ke ciki, ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. In parvo ta taɓa shiga gida, ƙwayar tana daɗewa a ƙasa watanni, sai an wanke ko'ina da Hypo ko Jik, murfi 1 a murfi 30 na ruwa, kafin a kawo wani kwikwiyon.

Yanzu maganar sarƙa, kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Karenka ba mugu ba ne, sarƙar ce take mayar da shi haka. Dabba mai ƙarfi a ɗaure a guri ɗaya awa goma sha huɗu, rana na dukansa, yara na leƙo ta ƙasan get suna jifansa da dutse, ba shi da hanyar guduwa, abin da zai koya shi ne duk ƙaramin mutum mai gudu abokin gaba ne. Ranar da ya samu ƙofa sai ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Haka masu cewa a kulle kare a ɗaki mai duhu kada ya ga mutane, ko a zuba masa barkono a abinci don ya yi zafi. Abin da ake samu matsoracin kare ne, shi kuwa matsoraci ya fi kowane saurin cizo, kuma ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya zo da kwanonsa. Kare mai gadi na gaske natsattse ne, ya san wa ke shiga gidan kullum, haushinsa ma kaɗai ya isa.

Ka gina masa keji, aƙalla mita 2 da mita 3, tsayi mita 2, daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa magudana, gaba da ƙarfe don iska ta ratsa. Kwano zalla a kansa tanda ce, sai an sa silin ko a gina a ƙarƙashin darbejiya. A yi wa bangon filasta sumul, saboda kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta yi ƙwai, shi ya sa za ka wanke kare yau, jibi ka ga kunnensa ya sake cika. Sai kuma ƙa'ida ɗaya da kowa a gidan zai haddace, har mai gadi da yaran da ake aike: ba a zare sakatar get sai an ga karen a keji da ido. Ba "ina jin yana baya" ba. In da hali a yi 'yar ƙofa ta biyu tsakanin farfajiyar mota da bayan gida. A kuma toshe ƙasan get da farantin ƙarfe don yara su daina tsokanarsa.

Wata takwas bai wuce gyara ba, ko da yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, lokacin da ya fi dacewa a saba wa kwikwiyo da mutane shi ne kafin ya cika wata uku da rabi. Bayan kwana goman, ka fara fita da shi bayan sallar asuba, minti 30 zuwa 40, da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi da takunkumi irin mai kama da kwando, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki. Na yadi mai matse baki a zafin Kano kisa ne, domin kare da haki yake fitar da zafi, ba ya gumi irin namu. Kwalar wuya kuwa a bar wurin yatsa biyu. Kai za ka riƙe, ba yaro ba. Koyarwa minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, kafin ya ci abinci, da 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta a aljihu. Kalma uku sun ishe ka a farko: zauna, zo, bari. Kowa a gidan kalmar ɗaya zai riƙa faɗa, ba kai ka ce "zauna", uwargida ta yi Turanci, mai gadi ya daka tsawa ba. Yana yi ka ba shi a take, in ka jinkirta ba zai haɗa ladan da aikin ba. Kuma duk laifin da ya yi, in ka kira shi ya zo, kada ka dake shi, in ba haka ba ka koya masa cewa zuwa wurinka duka ne, ranar da ya fita titi za ka yi ta kira yana ƙara gaba. Gurnani ma ba a dukan kare a kansa. Gargaɗi ne. In ka kashe gargaɗin sai ya koma cizo ba sallama. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi, to haka jikinsa yake nunawa: ya sandare, ya kafe abu da ido, ya rufe baki, gashin ƙeya ya tashi. Kana ganin haka ka juya da shi ku bar wurin.

Na san ba ka tambayi abinci ba, amma kare mai yunwa ko mai ciwo ba ya jin magana. A shekarunsa sau biyu a rana ya isa. Shinkafa ko tuwon masara da dafaffen tumbi, huhu da ɗan nama daga kwata, hanta kaɗan don tana sa zawo in ta yi yawa. Ragowar miya da dafa-duka akwai albasa a ciki, ita kuwa tana fasa jinin kare a hankali. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, a kula sosai da Babbar Sallah lokacin da kowa ke jefa masa ƙashi. Karen kilo 30 yana shan ruwa wajen lita 2 a rana, da bazara fiye da haka. Maganin tsutsar ciki duk wata 3. Kada a ba shi Panadol ko ibuprofen, kada kuma a yi masa wanka da Sniper ko fiya-fiya don kaska, akwai amitraz da ake sirkawa daidai yadda aka rubuta a kwalba. Ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi, in ya yi fari fat maimakon ja-ja, ciwon kaska ya shanye jini, a tafi asibiti.

Kalmar nan ta "mu san yadda za mu yi da shi" kuwa, kada ka ɗauke ta wasa. Nama ake jefowa ta katanga da guba a ciki, kuma wanda bai taɓa ganin kare yana mutuwar guba ba ba zai gane ba: yawu kamar kumfar omo, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, yana zawo yana jan ƙafa zuwa wurin mai shi. Mai yin haka ko tunanin cewa yaro mai rarrafe zai iya riga karen kaiwa ga naman ba ya yi. In ta faru, Allah Ya kiyaye, kada a ɗura masa manja ko madara, yana shaƙewa ya tafi huhu. A ɗauki ragowar naman a leda a ruga wurin likita, akwai allurar da ke karya irin wannan gubar in an kai da wuri. Maganin ɓera kuma wani sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nunawa da zubar jini. Don haka duk dare ka zaga gindin katanga da tocila kafin ka buɗe keji.

Su ma maƙwabtan suna da gaskiyarsu, ɗansu aka ciza. Ka nemi mai unguwa ko limamin masallacinku ya raka ka, ka ba da haƙuri ba tare da "ai yaran ne ke tsokanarsa" ba, ko da gaskiya ne, a bar wannan sai an huce. Ka gayyaci uban yaron ya zo ya ga kejin da katin allura da idonsa. In kuma gidanka na cikin lungu ne mai ƙofa a kan hanyar 'yan makarantar allo, ba filin keji, ba mai fita da shi kullum, to gaskiya ka nemi mai gona ko gidan gona a bayan gari ka ba shi bayan kwana goman, ka kuma gaya masa ya taɓa cizo. Da ciwo, na sani, dabbar da ke gane ƙarar motarka tun daga bakin layi, wadda saboda ita kake barci in an ɗauke wuta. Ka dawo ka gaya mana allura ta nawa yaron yake, da abin da ke rubuce a katin karen.