Amsa kan ƙananan kwamfutocin da suke tsayawa a PXE-E53

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce kuna da ƙananan kwamfutoci ashirin a ɗakin kwamfuta na makaranta, irin marasa faifan nan da suke ɗauko komai daga saba, wato babbar kwamfutar da ke yi musu hidima, kuma tun makon jiya wasu na tashi, wasu na tsayawa da rubutun PXE-E53, wadda ta ƙi jiya ita ce ke tashi yau. Har ka ce ka sake girka sabar. Da ka yi tambayar kafin nan da ka huta da wannan wahala, don ina kyautata zaton sabar lafiyarta ƙalau.

Lambar nan da kake gani ba ado ba ce, tana faɗa maka inda tafiyar ta tsaya. Idan ka kunna irin wannan kwamfuta, ba ta san komai ba sai lambar katinta. Sai ta yi shela a kan waya: wa zai ba ni adireshi? Mai raba adireshi, wato DHCP, ya amsa mata da adireshin IP, ya haɗa da inda saba take da sunan fayil ɗin da za ta ɗauko ta tashi da shi. Daga nan ta je ta karɓo fayil ɗin ta TFTP, wato hanyar da saba ke miƙa mata fayil. In ka ga E61, kebul ne ko ramin suwic. In E51 ne, ta yi shela babu wanda ya tanka. E32 kuwa ta san inda za ta je, amma TFTP bai buɗe mata ƙofa ba. Taka, E53, ma'anarta an amsa mata, an ba ta adireshi, sai dai ba a faɗa mata sunan fayil ba. To wa ya amsa? Saba da aka saita daidai ba za ta ba wannan suna ta hana waccan ba. Akwai wani baƙo da ke raba adireshi a kan wayarku.

Ni ma na sha wannan a wani ɗaki mai kwamfuta ashirin da huɗu da nake kula da shi. Kwana uku ina yanke kan kebul ina sake matsewa, har yatsuna suka yi kanta, na canza suwic, na zargi ƙurar hunturu, na zargi mai wayarin. Ranar ta huɗu na jona laftof ɗina a ramin da wata kwamfuta ta ƙi tashi, sai na ga an ba ni 192.168.0.103, alhali namu duk 192.168.10 ne. Na bi waya ina leƙa bayan kabad har ofishin malamai. Ga wata 'yar rauta fara a ƙarƙashin tebur, kusa da butar shayi, wani bawan Allah ya kawo ta daga gida don wayoyinsu su samu Wi-Fi, ya soka kebul ɗin bango a ramin LAN. Ba da mugunta ya yi ba, bai ma san tana raba adireshi ba.

Abin da ya sa matsalar take yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan shi ne tsere. Duk wanda amsarsa ta riga isa, wasu katunan shi suke bi. Wasu suna da haƙuri, su jira su zaɓi amsar da ke ɗauke da sunan fayil, amma ko sun tsallake nan, Linux zai sake neman adireshi a tsakiyar tashi, ya kama na rauta, sai ka ga allo ya daskare. Ga kuma halin wutarmu: in an kawo wuta ko an tada janareta, rauta ta shirya cikin minti guda, saba kuwa tana nan tana miƙa. Yaran da suka yi saurin danna maɓalli babu wanda zai amsa musu sai rauta.

Kada ka tsaya a kan zatona, gwada da kanka. Kashe DHCP na sabar, ka jona laftof ka nemi adireshi. In ka samu, ka kama ɓarawo. In ka ga 169.254 da wani abu, babu kowa, laftof ɗin ne ya laƙa wa kansa. Wanda ya fi wannan shi ne ka zauna gaban saba ka buga tcpdump -n -e port 67 or port 68 or port 69 a kan katin da ke fuskantar ɗakin, ka sa yaro ya kunna kwamfuta ɗaya kana kallo. Za ka ga shelar, ka ga ko taku ta amsa, galibi har amsar baƙon da lambar katinsa za ka gani.

Gyaran iri biyu ne. Ko ka shiga rautar ka kashe mata DHCP, ko ka bar mata rabon adireshi, ka mai da dnsmasq na sabar, wato manhajar da ke iya aikin DHCP da TFTP, ya zama wakili, ya riƙa ƙara sunan fayil kawai. In rukunin adireshin rautar irin na wadda na kama ne, layin shi ne dhcp-range=192.168.0.0,proxy, da sharaɗin sabar tana cikin wannan rukunin da adireshi tsayayye wanda ba ya cikin waɗanda rauta ke rabawa. In LTSP kake amfani da shi, wato manhajar Linux mai tayar da kwamfutoci daga saba, sabon da aka sake rubutawa a 2019, umarnin ltsp dnsmasq zai shirya maka hakan. Ni dai ban cika son dogaro da rauta ba, don gobe wani zai danna mata maɓallin goge saiti. Na fi son kati biyu a saba, ɗaya ya kalli intanet, ɗaya ya kalli suwic ɗin ɗakin shi kaɗai, sannan in cire duk wani kebul ɗin bango da ba na ɗakin ba.

In ka kori baƙon amma wasu suka ci gaba da gardama, duba ko kayanku gauraye ne. Tsofaffi masu BIOS suna son undionly.kpxe ko pxelinux.0, masu UEFI kuma fayil mai ƙarewa da .efi. Kowace tana faɗin irinta a cikin shelarta, a zaɓi na 93 na DHCP: 0 na BIOS, 7 na UEFI mai bit 64. In suna ɗaya ka ba kowa, rabi za su ƙi, sai dai su kullum su ɗin ne, ba sa canzawa kamar naka. A masu UEFI ka duba Secure Boot ma, wato saitin da ke hana tashi da fayil ɗin da bai amince da shi ba.

Suwic mai saiti kuma yana da nasa. In STP na gargajiya, wato tsarin da ke hana saƙo zagaye a tsakanin suwic-suwic, yana kunne, rami kan yi kusan daƙiƙa 30 kafin ya fara wuce da saƙo, kwamfuta ta gaji da jira ta ba ka E51. Kunna PortFast, saitin da ke cire wannan jiran, ko abin da kamfanin suwic ɗinka ya kira shi, a ramukan kwamfutoci kawai. Sannan 'yan gwanjon nan da muke saye, batirin CR2032 na cikinsu yawanci ya mutu, da an ɗauke wuta su manta cewa ta hanyar sadarwa za su tashi. Sayi kwali guda ka canza musu gaba ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu, turo mana adireshin da laftof ɗinka ya samu bayan ka kashe DHCP na sabar, da hoton bayan suwic ɗin yadda za mu iya ƙirga kebul. In sun wuce ashirin da ɗaya, bi na ashirin da biyun ka ga inda ya nufa.