Ana iya auna wari kuwa? Amsa ga wata ƴar uwa a Damagaram

Tambaya: Salamu alaikum malam. Gidanmu nan Damagaram kusa da wata majema yake, ga kuma juji bayanmu. Da asuba da bayan magariba wari ba ya barinmu mu zauna tsakar gida. Mun kai kuka aka turo wani mutum wajen sha biyun rana, ya zagaya yace shi bai ji komai ba. Akwai na'urar auna wari ne, ko sai dai haƙuri?

Amsa: Wa'alaikis salam ƴar uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Ana aunawa sosai, kuma mutumin da aka turo wataƙila ba ƙarya yayi ba, lokacin ne bai dace ba. Da rana tsaka ƙasa ta ɗau zafi, iska na tashi sama tana kwashe warin, amma da asuba da bayan faɗuwar rana iska kwanciya take ƙasa-ƙasa, warin ya rasa hanyar fita sai ya bi lungu ya shigo muku gida.

Abin da zai ba ki mamaki, har a Turai babban ma'aunin wari hancin mutum ne. Suna da ƙa'ida mai suna EN 13725 tun 2003. Ana ɗibar iskar wurin cikin wata leda ta musamman a kai laburatuwar kafin awa 30, sai a zaunar da mutane aƙalla 4 da aka riga aka gwada hancinsu, na'ura tana gauraya iskar da iska mai tsabta tana tura musu. Yawan sirkin da aka yi har rabinsu suka fara jin warin da ƙyar shine awon. In sai da aka sirka sau 1000, to an ce ma'aunin wari 1000 ne a mita kub ɗaya. Kamar ki ɗauki kunun tsamiya kina ƙara ruwa har tsamin ya kusa ɓacewa. Akwai kuma na hannu da ake karawa a hanci irin Nasal Ranger, shi a wurin ake tsayawa da shi ana sirka sau 2, 4, 7, 15, 30 ko 60.

Na'urorin gas su abu guda ko ƴan kaɗan suke kamawa, misali amoniya mai warin fitsari ko H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, alhali warin majema haɗin gambiza ne, ga ruɓar nama jikin fata ga ruwan jiƙo da ya kwana a rami ga kashin tsuntsaye da wasu ke laushin fata da shi. Shi yasa na'ura zata iya nuna sifiri ke kuwa kina toshe hanci.

Amma H2S ɗin nan ina so in tsaya kansa don raina na tashi in na tuna. Hanci na jinsa tun bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ppm ɗaya ba (ppm ɗaya shine kashi ɗaya cikin miliyan na iska), hukumar lafiya ta duniya ma cewa tayi kar ya wuce mikrogiram 7 a mita kub cikin minti 30 in ana son kauce wa damun jama'a. To in ya kai wajen ppm 100 zuwa 150 sai ya kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ya wuce, sama da 700 kuwa shaƙa kaɗan ke kayar da mutum. Ya fi iska nauyi, cikin rami da kaniwo da masai yake taruwa. Don Allah ku hana yara leƙa ramin ruwan jima, kuma in wani ya faɗi ciki kar a duro bayansa haka kawai, a kira ƴan kwana-kwana.

Yanzu abin da zaki iya da hannunki. Ki samu kaye, ki nemi maƙwabta huɗu ko biyar a ɓangarori daban na kartiye, kowa da nasa. Duk sanda wari ya zo a rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ya fara, yaushe ya lafa, irin warin, da ƙarfinsa daga 0 (babu wari) zuwa 6 (mafi tsanani). Irin warin na da muhimmanci don hayaƙin leda na juji daban, warin fata daban, kar a ɗora wa majema laifin juji. A ɗaura ƙyalle kan sanda a rubuta inda iska ta fito. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa mana, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, kin ga gidan da ke shan wuya a Janairu ba lalle shine na Agusta ba. Kar ki raina wannan aikin, a Jamus ma mutum ake tsayarwa minti 10 yana shaƙa duk bayan sakan 10 yana rubutawa, kuma a unguwar zama ba a yarda wari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na awowin shekara ba.

In kun yi wata biyu ko uku sai ku haɗa ku bi ta hannun mai unguwa zuwa sarwis na tsabta a meri da ma'aikatar muhalli, dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998 tana nan. Ku roƙi a zo da asuba, awar da kayenku ya nuna. Ku zauna da majeman ma, sana'ar gado ce suna ci da iyali, sau da yawa rufe rami da kwashe tarkacen nama kullum da hana ruwa kwana yana rage abin sosai.