Anti Nas, zan iya ɗora jaririna a ƙirji bayan tiyatar zuciya?

Tambaya: Salam Anti. An yi wa jaririna aikin zuciya, duk jikinsa wayoyi ne da robobi, wallahi ko taɓa shi tsoro nake ji. Wai da gaske ne kwantar da shi a ƙirjina fata da fata yana taimaka masa?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Da gaske ne. Tun 1978 aka fara wannan dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya saboda bakwaini, yanzu har yaran da aka yi wa aikin zuciya ana yi musu. Ɗumin jikinki yana riƙe masa zafin jiki, bugun zuciyarsa da numfashinsa su lafa, kuka ya ragu ya samu barci, ke kuma nono ya ƙara zuwa miki, wanda shi yake matuƙar buƙata yanzu.

Amma don Allah kar ki ɗauke shi da kanki, sai likita ya ce to, don wani yaron ana barin ƙirjinsa a buɗe 'yan kwanaki saboda kumburi. Nas ce za ta gyara wayoyin ta miƙo miki shi. Kuma kar a ɗaga shi ta hammata wajen sati shida har ƙashin ƙirjin ya haɗe, ki tallafo kai da ɗuwawu. Kafin nan ki wanke hannu ki dafa kansa ki dinga yi masa magana, ya san muryarki.