Odar kwastoma tana makara a sabar: in sayi sabuwa ko a gyara saiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a sari a Kantin Kwari. Manhajar Odoo ta tafiyar da kasuwanci muke amfani da ita a kan sabarmu, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, kuma odar da dillalai ke aikowa ta imel can take shiga. Sai dai saƙo kan yi awa guda kafin ya bayyana. Yaron da ke kula mana da kwamfuta ya ce mu sayi sabar da ta fi wannan ƙarfi. Kafin in zuba kuɗi, me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Sabar ba ta zama tana gadin akwatin imel. Akwai aikin da aka tsara mata, kamar ɗan aike da ake tura wa tasha ya duba ko kaya sun iso. In aka ce masa ya je sau ɗaya a awa, ko jirgi ka saya masa, sau ɗaya zai je.

A Odoo sunan wannan aiki Fetchmail Service, kuma asalin saitinsa minti 5 ne. Tunda naka yana kai awa guda, ko wani ya sauya lambar, ko kuma aikin ba ya tashi a kan kari. Ka sa yaron ya kunna yanayin masu gina manhaja, ya shiga Settings, sai Technical, sai Scheduled Actions. Ya duba tazarar da aka sa, ya kuma duba lokacin da aka rubuta aikin zai sake tashi. In lokacin ya wuce tuntuni ba a taɓa shi ba, to matsalar tana wajen ma'aikatan cron, wato sassan manhajar da ke gudanar da ayyukan da aka tsara wa lokaci, waɗanda Odoo ke ba su guda 2 a asali, kuma wani dogon aiki kamar tura rasit ɗari-ɗari na iya riƙe su duka.

Wace lamba zai sa? Ni dai minti 2 zuwa 5 nake ba da shawara. Ana iya sa minti 1, ƙasa da haka kuwa ba ya yiwuwa ta wannan hanya. Amma a minti 1 sabar za ta buga ƙofar mai ba ka imel sau 1,440 a rana, a minti 5 kuma sau 288. Kamfanonin imel suna da iyaka. Gmail, alal misali, ba ya yarda akwati ɗaya ya buɗe layin IMAP (hanyar da manhaja ke bi ta karanta saƙo a akwatin imel) fiye da 15 a lokaci guda, kuma wayarka da ta akawunka duk suna cikin lissafin. Sannan ya tabbatar IMAP ake amfani da shi, domin ɗaya hanyar, wato POP, kan kwashe saƙo daga akwatin, in wani abu ya lalace a nemi oda a rasa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan saƙon ya shigo, wa ke buɗe shi? Na sha ganin shagon da aka mayar da saiti minti 1, amma akawu sai bayan La'asar yake leƙa kwamfuta. Ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin odar imel, a kunna masa sanarwa a waya. Ka gwada haka mako biyu, kana rubuta lokacin da dillali ya aiko da lokacin da aka amsa masa. In har yanzu ana makara, ka sake rubuto mini da waɗannan lambobi, sai mu yi maganar sabuwar sabar.